Ɓarawon da na kwana ina nema

Ranar Lahadi da dare aka kashe babbar kwamfutarmu ta IBM aka sake tayar da ita, abin da muke kira IPL. Komai ya tashi lafiya, na haɗa shayi. Ko kurɓar farko ban yi ba waya ta ɗau ƙara: masu aikin dare sun kasa shiga CICS, manhajar da suke aiki a cikinta, baƙin allon tasharsu ta 3270, wato na'urar da suke aiki da ita, sai wata lamba yake watso musu, 087D0001.

Na buɗe SDSF, manhajar da muke leƙa ayyukan kwamfutar da ita, na shiga kundin saƙonni. Ga IST663I nan yana cewa buƙatar haɗi ta faɗi, da lambar a gefensa. Duk saƙon da ya fara da IST na VTAM ne, wato manhajar da ke haɗa tasha da manhajoji a tsarin SNA, wanda IBM ta fitar tun 1974. Harafin I na ƙarshe yana nufin sanarwa ce kawai. Sanarwa! Mutum arba'in sun tsaya cak, shi kuwa labari yake ba ni cikin natsuwa kamar mai karanta hasashen yanayi.

Ma'anar 087D0001 ita ce VTAM ya bi maƙwabtansa na sauran kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya yana cigiyar hanyar inda za a je, bai samu ba. Ni dai kalmar hanya kawai na riƙe, na ɗaga waya na tashi mai kula da wayoyin sadarwa daga barci, har da yi masa faɗa. Bawan Allah ya yi awa guda yana bin igiyoyi da tocila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuskuren da na tafka shi ne karanta layi ɗaya. Saƙonnin VTAM a ayari suke tafiya, sai ka kai IST314I ayarin ya ƙare. IST664I ne ke faɗin wa ya nema da wa ake nema. IST894I da IST895I kuma su jera maƙwabtan da aka tambaya, kowa da amsarsa. Amsar nan ta fara da 0806, wato ba a san mai wannan suna ba. Ashe hanya lafiyarta ƙalau, mai gidan ne babu.

Na buga D NET,ID=CICSP2,E, umarnin da ke tambayar VTAM halin da CICS ɗinmu yake ciki. Sai ga IST453I: VTAM ɗinmu ma bai san sunan ba. Na ce to, wani ya goge mana shi. Na zargi VTAMLST, ma'ajiyar da VTAM ke karanta sunaye daga ciki. Na kira oga ƙarfe uku na dare.

"Ranka ya daɗe, an yi mana ɓarna a VTAMLST."

"Wa ya ƙirƙiri wannan CICS ɗin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, mako uku da suka wuce."

"Ka sa sunan fayil ɗinsa a ATCCON00?"

Na yi tsit. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

ATCCON00 jerin sunaye ne da VTAM ke kunnawa da kansa duk sanda ya tashi. Ni kuwa da hannu na kunna nawa a wancan lokaci, ya yi aiki, na karɓi yabo, na manta. VTAM ba ya tuna alherin da aka yi masa kafin IPL.

Na buga V NET,ACT,ID=APCICS2 don kunna fayil ɗin nawa, IST093I ya ce ya kunnu. Na sanar da jama'a an gyara. Minti biyu waya ta dawo. Na sake dubawa, IST486I na nuna CONCT maimakon ACTIV. CONCT na nufin VTAM ya share ɗaki ya shimfiɗa tabarma, baƙon ne bai shigo ba. CICS ya ƙwanƙwasa tun da ya tashi, aka sallame shi da lambar 5A, ba a san ka ba, ya ajiye DFHSI1572 a kundinsa ya koma gefe. Sai da na aika masa CEMT SET VTAM OPEN ya buɗe ƙofarsa, allo ya koma ACTIV.

Da asuba na ƙara sunan a ATCCON00, na duba waƙafi da alamar ci gaba a gurbi na 72 na layin har sau uku. Mai igiyoyi ya shigo, tocila a hannu, gwiwar wandonsa duk ƙura, ya tambaya ko an kama wanda ya yi ɓarnar. Na ce ana kan bincike, na tura masa shayina da ya huce.