Kashi na 47 da masu karatun tsallake

Tun daren Laraba da aka sako kashi na 47 na littafin Sufeton nan namu, labarin ɗan sandan Zariya da ake sakewa kashi-kashi, nake jin ƙananan maganganu suna yawo, wai marubuciyar ta ƙare, wai babu komai a ciki sai ruwa, tunda ba a harba bindiga ba, ba a kama kowa ba. Na yi shiru kwana biyu, amma abin ya tsaya mini a wuya.

Shekara uku ke nan ina bin labarin nan, da kuɗina nake saye, ba tura mini ake yi ta bayan gida ba. Kuma wallahi ban ga kashin da ya kai wannan ba.

Ku duba wurin da aka tsinci gawar yaron a bakin rafin Kubanni. Sufeto yana roƙon a bari a kai shi asibitin Shika likita ya duba, kawun yaron kuwa ya kafe sai an sallace shi kafin azahar, yana faɗin sun bar wa Allah. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa ganin haka a unguwarsu ba? Mu ba ma kwana da gawa, kuma da wuya dangi su yarda a taɓa jikin mamaci. Ga Sufeto yana tsaye a bakin kabari, yana zuba ƙasa da hannunsa, ya san hujjarsa yake binnewa, kuma ba ya iya ganin laifin tsohon. Nan na ajiye waya na share hawaye. Wannan ne ruwan?

Sai kuma mai gidan burodin da ya rantse ya bar Ƙofar Doka ƙarfe bakwai na safe ya isa Samaru cikin minti goma. Duk Bazazzagin da ya karanta layin nan ya san an kama maƙaryaci. Ka ratsa Tudun Wada, ka bi ta PZ, ka faɗa cunkoson Kwangila a lokacin da ɗalibai da ma'aikata ke rububin mota, a minti goma? Marubuciyar ba ta tsaya yi mana bayani ba, ta bar mana mu tsinta da kanmu. Wadda ta tsallake shafi tana neman inda aka yi harbi, ina za ta gani?

Har da ƙorafin wai don me aka ƙwace fayil daga hannun Sufeto. To haka aikin yake. Maganar kisan kai ba ta ƙarewa a ofishin 'yan sandan unguwa, Kaduna ake miƙa ta sashen binciken manyan laifuka, shari'arta kuma ta babbar kotu ce, majistare sai dai ya tura mutum ajiya. Da an ga Sufeto ya kama, ya yanke hukunci a daren, da ni ce zan fara cewa an raina mana hankali.

Ba na cewa kashin ba shi da aibi. Hirar matar Sufeto da ƙanwarta ta yi tsawo, rabinta ma ya isa. Wannan gyara ne, kuma a gaban marubuciyar na faɗa mata.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne inda sukan ya fito. Wata baiwar Allah da ta fara karanta labarin watan jiya, har yau ba ta san abin da ya raba Sufeto da yayansa ba, ita ce ke rarraba saƙon murya tana cewa a daina ɓarnar kuɗi. Kwana ɗaya tsakani sai ga tallan nata littafin, shi ma na ɗan sanda, shi ma da gawa a bakin rafi. Ban kira suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya zaga.

Ni dai na riga na biya kuɗin kashi na 48. Ina jiran in ga fuskar mai burodin nan ranar da Sufeto zai ɗauke shi a mashin daga Ƙofar Doka, agogo a hannu.