Ku daina kiran manage.py da os.system

'Yan'uwa masu koyon Django, akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a kod ɗin matasanmu. Mutum yana son ya gudanar da umarnin Django irin su migrate ko loaddata daga cikin shirinsa, sai ya rubuta os.system("python manage.py migrate") ya wuce abinsa. Don Allah a daina.

Django ya riga ya tanadi call_command a cikin django.core.management domin wannan aikin. Shi os.system sabon shiri yake tayarwa daban, wataƙila ma da wani Python ɗin da ba na aikinku ba, kuma idan umarnin ya gaza, lamba kawai yake dawo muku da ita, wadda yawancinku ba kwa dubawa. Shi call_command kuwa a cikin shirinku yake aiki, da saitinku, in an samu matsala ya jefo CommandError ku kama.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne wajen gwaji. Django yakan ƙirƙiri rumbun bayanai na wucin gadi ya yi gwajinsa a kai. Sabon shirin da os.system ya tayar bai san da wannan rumbun ba, na ainihi zai nufa. To a ce flush, mai share duk bayanan da ke rumbu, kuka kira tare da --noinput, wanda ke hana shi neman tabbaci. Shi ke nan, bayanan mutane sun tafi.

Idan umarnin mai tambaya ne, ku ba shi interactive=False, in ba haka ba zai tsaya jiran amsa a sabar da babu kowa a gabanta. Abin da zai buga kuma, ku tara shi da stdout=StringIO(). In kod ɗinku a fayil mai zaman kansa yake, ba ta manage.py ake gudanar da shi ba, tun daga Django 1.7 na 2014 sai an saita DJANGO_SETTINGS_MODULE an kira django.setup() tukuna.

Amma samun call_command ba lasisi ba ne na kira ko'ina. Kada ku saka migrate a cikin ready() na AppConfig, domin duk lokacin da Django ya tashi sai ya gudana, ma'aikatan (workers) Gunicorn, sabar da ke gudanar da shirinku, kuma su yi ta rige-rige a kan rumbu ɗaya. Haka kada ku kira umarni mai ɗaukar lokaci a cikin view, wato kod ɗin da ke amsa buƙatar mai ziyartar shafi: Gunicorn, in ba a canza masa saiti ba, daƙiƙa 30 yake jira ya kashe ma'aikacin da ya yi shiru, aikin ya tsaya a rabi.

Umarnin da ku kuka rubuta da kanku kuwa, ku fitar da ainihin aikin daga handle(), inda ake rubuta abin da umarnin zai yi, zuwa wani function mai zaman kansa a fayil daban. Sai handle() ya kira shi, sauran kod ɗin ma ya kira shi kai tsaye.