Nauyin roba ba shi ne shaidar dashe ba

A aikin dasa sinadari a jikin roba da hasken gama, an saba fara kallon adadin nauyin da robar ta ƙara. A ganina wannan adadi ya fi kowane yaudara.

Hasken gama daga kobalt-60, ko harbin ilaktaron, yana fizge haidirojin daga sarƙar polima, wato doguwar sarƙar sinadarin da aka yi robar da shi, ya bar gurbi mai ilaktaron guda marar abokin zama. Shi ne radikal, kuma ba ya zama haka nan: duk monoma (ƙaramin sinadarin da ake son dasawa) da ta zo kusa, sitairin ce ko akirilik asid, sai ya cafke ta, reshe ya soma tsiro.

Matsalar tana tasowa idan aka haska roba da monoma tare a kwalba ɗaya. Hasken ba ya zaɓe, don haka monomar ma tana yin nata radikal, ta dunƙule da 'yan uwanta, ta manne a fuskar robar ba tare da ta kama ta ba. Sikeli zai ce an yi dashe, alhali danƙo ne kawai. Shi ya sa ake zuba gishirin Mohr kaɗan, wani gishiri mai sinadarin ƙarfe, a ruwan akirilik asid don ya rage wannan dunƙulewa, a kuma wanke samfurin a na'urar Soxhlet, mai maimaita wanki da ruwan sinadari, har nauyinsa ya daina sauka. Wanda ya auna kafin nan, lissafin iska ya yi.

Masu haska robar ita kaɗai tukuna, sannan su sa ta a ruwan monoma, sun rage wannan matsala, amma oksijin na jiransu. Yana haɗuwa da radikal ya zama feroksaid, wanda sai an ɗumama kafin ya fashe ya yi aiki. Dole a kori iska daga ruwan monoma da naitirojin, a ajiye robar cikin busasshiyar ƙanƙara, wajen digiri 78 ƙasa da sifili, in ba haka ba radikal ɗin su haɗe da juna su mutu.

Ƙara haske ma ba magani ba ne. Polietilin, robar leda, yana jurewa, amma sarƙar PTFE, robar da ake kira Teflon, tsinkewa take yi, robar ta koma mai karyewa. Ga fatar batirin haidirojin kuwa, wato siririyar ledar da ke tsakiyarsa wadda firoton (haidirojin da ya rasa ilaktaronsa) ke ratsawa, sai reshen ya ratsa kaurin ledar daga gefe zuwa gefe. Idan a sama kawai ya tsaya, ko nauyi ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, tsakiyar ba za ta bar firoton ya wuce ba, kuma sai an yanka ledar an duba cikinta ake gane haka.