Ruwa Iya Cibiya

Ga yadda aka yi na faɗa harkar tirayatalon, wato gasar da ta haɗa iyo da keke da gudu. Likita ya ce tumbi ya yi yawa, mutumin namu Bazazzage ya ce ai a Leeds muke zaune, garin su Brownlee, wa da ƙanin nan zakarun tirayatalon, don haka abin kunya ne a ce mutum ya rasa wasan motsa jini, kafin in ankara na biya kuɗin shiga gasar tirayatalon. Ƙaramar ma na zaɓa: iyon mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ta Olamfik ninkin wannan ce. Akwai kuma ta waɗanda ba su da mai faɗa musu gaskiya a gida, wato Ironman da aka faro a Hawaii a 1978, inda za ka yi iyon kilomita 3.8, ka tuƙa keke kilomita 180, sannan a ce bismilla, ga gudun yada ƙanin wani na kilomita 42.

Keke ba matsala ba ne ga wanda ya tashi a Kano. Gudu ma da dama-dama. Ruwa ne abin ji. Mu a gidanmu, Hajiya na ganin idonka ya yi ja, fatarka ta yi furu-furu, ta san ka je kududdufi, sai dorina. Iyakar ilimina a fannin nan shi ne facal-facal a gefe.

Sai na shiga ajin koyon iyo. Kwamin mita 25 ne, ke nan sai ka ratsa shi sau 30 kafin ka haɗa 750. Malamar tamu ba ta da wasa. Kullum maganarta ɗaya: ka fesar da iska a cikin ruwa, in ka juyo da fuska gefe shaƙa kawai za ka yi, kuma kada ka kuskura ka ɗaga kai, don da kai ya tashi ƙafafu za su nutse, ka koma jan jikinka a tsaye. Ta ba ni wani soso in matse a tsakanin cinyoyi don ƙugu ya taso sama. Gemai-gemai da ni ina matse da soso, yara 'yan firamare a layin kusa da ni suna wuce ni suna dawowa. Amma a hankali abin ya fara zama. Har na soma yi wa uwargida bayanin yadda ake kamo ruwa da tafin hannu muna cin tuwo.

Tafkin da za a yi gasar a ciki kuwa ba shi da bangon da za ka dafa ka huta, ba shi da baƙin layin nan na ƙasan kwami da ke nuna maka hanya. Wannan sai ranar gasar na gane wa idona.

Rigar robar da ake sawa saboda sanyi ta Bazazzage ce, aro ya ba ni. Yana tsaye, hannu a aljihu, yana kallo na yi ta kokawa da ita har na shige, na ja zif tun daga ciki har wuya, na fito kamar buhun geron da aka ɗura aka ɗinke. Bai ce uffan ba. Sai da wata mai kula da gasar ta matso ta raɗa min cewa zif ɗin a baya yake zama. Na waiwaya, ya juya kai wai yana duba tayar kekena.

Aka busa, muka afka. Sanyin ya fara ƙwace min numfashi, wani ya sakar min dunduniya a haɓa, tabarau ya yi hazo. Ƙasa kore shar, ba ka ganin ko yatsunka. Duk karatun malama ya gudu ya bar ni. Na ɗago in nemi balan-balan ɗin da ake zagayawa, na gan shi can hannun hagu, ni kuma na miƙi hanyar agwagi. Wata tsohuwa, wallahi ta yi jika da ni ko ta kusa, ta zo ta gefena tana iyon kwaɗo, kai a sama, ta tambaye ni ko lafiya, ta wuce abinta.

Da ja da ciki da shan ruwa na zagayo, na doshi gaɓa. Nan ne wani abu mai santsi ya naɗe min ƙafa. Yanzu an ce min ciyawa ce. A lokacin babu wanda ya isa ya faɗa min haka. Na shaƙi ruwa, sha-raɓa ta ɗaure, na tuna abin da aka ce mana da safe: wanda ya ji ba daidai ba ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu. Na ɗaga duka biyun. Na fara salati da ƙarfi. Na tuna bashin da ake bi na, na tuna kuɗin da ake kashewa kafin a kai gawa gida, na ce a raina gara su binne ni a nan kawai.

Wani matashi ya iso a ƙaramin kwale-kwale. Na cafki hancin jirgin da hannu bibbiyu, don doka ta yarda ka riƙe ka huta matuƙar ba a ja ka gaba ba. Ina haki, ina yi masa godiya, ina ce masa Allah ne ya kawo shi. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, cikin ladabi, ya ce: "Yallaɓai, ko za ka gwada miƙewa tsaye?"

Na dube shi. Na ɗauka rainin hankali ne irin na yaran zamani. Ya sake gyaɗa min kai. Na sauke ƙafa ɗaya a hankali, ban saki jirgin ba. Ta taɓa laka. Na sauke ɗayar. Na miƙe, ina ta miƙewa, ruwa yana ta sauka daga wuya, zuwa ƙirji, har ya tsaya iya cibiya.

Ashe 'yan kallo ga su nan dab da ni, har ina iya karanta rubutun da ke jikin kofunan shayinsu. Wurin ya yi tsit. Wani ƙaramin yaro ya nuna ni da yatsa ya tambayi uwarsa wani abu, ta danne masa hannu. Sai wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Da dariya suka yi da ya fi min sauƙi. Tafin Turawa na ƙarfafa gwiwa, wanda bai sha shi yana tsaye a ruwa iya cibiya da hular roba ruwan hoda ba, ba zai gane ba. Na saki jirgin, na tako da ƙafa na fito, ina ɗan ɗingishi don a san akwai dalili.

To ina Bazazzage duk wannan lokaci? Yana sahun gaba da waya a hannu. A 2016 a Meziko, da Jonny Brownlee ya fara tangaɗi dab da ƙarshen tsere, yayansa Alistair kama shi ya yi ya rungumo shi har bakin layi. Ni nawa ɗan'uwan gyara tsayuwa ya yi don hoton ya fito sosai. A bidiyon ana jin salatina raɗau, ana kuma jin shi yana cewa "Bakano dai Bakano ne, ko a ruwa sai ya nemi a rage masa." Kafin in cire rigar ya tura wa jama'a a WhatsApp, ya kuma raɗa min suna Moussambani, mutumin Ikwatoriyal Gini ɗin nan da ya yi iyon mita 100 shi kaɗai a Olamfik ɗin Sidni na 2000 cikin minti 1 da daƙiƙa 52. Har da ƙarin bayani wai shi wancan bai kira kwale-kwale ba. Bazazzagen da ko kwamin yara bai taɓa shiga ba! Rigar ma a gwanjo ya saya don arha, shekara da shekaru tana rataye.

Kekena dai bai yi wuyar samu ba, shi kaɗai ya rage a wurin. Na ƙarasa gasar, aka ba ni lambar wuya da ayaba. Da daddare Kawu ya bugo daga Kano, wai an ce masa na faɗa kogi Turawa sun ceto ni, me ya kai ni kamun kifi? Ban ma san ta inda zan fara ba, na ce masa jiki da sauƙi.

Talata akwai aji, malama ta ce za mu fara koyon leƙa hanya ba tare da ɗaga kai duka ba. Rigar Bazazzage kuma tana bayan mota, ban wanke ba. In yana so ya zo ya ɗauka.