Yadda manja ya kwance mini zani a Madrid

Tun bayan ƙaramar salla na shiga ajin dare na Sifaniyanci. Ran nan malama ta rubuta mana prejuicio a allo, ta ce pre shi ne "kafin", juicio kuma "shari'a", wato ka yanke wa mutum hukunci tun ba ka ji ta bakinsa ba. Ta ja kunne cewa yana da ɗan'uwa, perjuicio, mai nufin ɓarna ko asara, r da e ne kawai suka yi musayar wuri. Ni ban ji wannan ba, hankalina na kan j ɗin da ake kakarowa daga maƙogwaro kamar ha mai ruwa ta makarantar allo.

Mako guda ina yawo da prejuicio ɗin nan a baki kamar yaro da sabon takalmin salla, ina neman wanda zai taka ni.

Ranar Asabar na sayo manja a unguwar Lavapiés, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 3, ni da Bazabarmen ɗakinmu. Ina zama kusa da wata tsohuwa sai ta dube ni, ta dubi ledata, ta tattare siket ta matsa. Na ce alhamdu lillahi, yau take salla. Na miƙe tsaye, na gyara murya, har da ɗaga yatsa kamar mai wa'azi a tasha:

"Señora, usted tiene muchos perjuicios!"

Taragon ya yi tsit. Tsohuwa ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Sí, hijo, sí. Mira." Wato ƙwarai kuwa ɗana, duba nan. Ta ɗago gefen siket ɗinta, fari ƙal, ga ja ya malale har gwiwa. Murfin robar ne ya kwance. Ashe abin da na shelanta wa jama'a shi ne baiwar Allah ta tafka asara mai yawa, kuma gaskiya na faɗa, ni ne ma sila. Yatsana fa har lokacin yana sama. Na rasa yadda zan sauke shi, sai na kama ƙarfen jirgi da shi kamar dama can abin da ya kai shi ke nan. Wani mai kwat ya leƙo ta saman jarida ya ce "daños y perjuicios", aka kwashe da dariya. Sai da dare na gano diyya yake nufi.

Amma Bazabarmen nan ne ban yafe wa ba. Shekara 9 yana ƙasar nan, ya ji ni ina maimaita kalmar a karkace kullum a banɗaki, bai ce uffan ba. A jirgi kuwa ya juya baya yana karanta taswira, kafaɗunsa na rawa, wai bai san ni ba. Mutumin da har yau bai biya rabonsa na tukunyar gas ta watan jiya ba, kuma shi ne sarkin ƙarin miya. Kafin mu kai tashar Legazpi ya tura labarin a zauren WhatsApp, da murya, har da kwaikwayon j ɗina.

Tsohuwar dai ta karɓi yuro 15 na wanki, ta kuma tambaye ni me ake dafawa da abin. Miyar ranar da man zaitun muka yi ta, ba ta yi daɗi ba.