Tabarau Ba Zai Maye Gurbin Malami Ba

Wata magana tana yawo a bakin attajiran fasaha na Amurka, kuma bai kamata a bar ta ta wuce ba. Wai duniyar kwaikwayo ta kwamfuta, wadda aka fi sani da VR, ita ce za ta share wa talaka hawaye: wanda ba shi da gida mai kyau ko makaranta mai inganci sai ya ɗaura tabarau a fuska, ya faɗa duniyar da ta fi tasa. Marc Andreessen, babban mai zuba jari, ya fito da wannan tunani fili a wata hira a 2021, inda ya nuna cewa mutane ƙalilan ne ke da gatan jin daɗin rayuwa ta zahiri, don haka a gina wa saura tasu a intanet. Wannan romon baka ne, kuma mai haɗari.

A fara da na'urar kanta. Apple Vision Pro ya fito a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, batirinsa kuma awa biyu kawai yake riƙewa. Quest 3S na kamfanin Meta, mai Facebook, ya fito a 2024 a kan dala 299, amma sayen tabarau somin taɓi ne. Dole hoton ya bi motsin kai cikin ƙasa da kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ya riƙa sabuntawa kusan sau 90 a kowace daƙiƙa. Da zarar ya yi jinkiri, ido ya ce ana tafiya, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki ya ce a tsaye ake, sai jiri da zufa da tashin zuciya su biyo baya. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu ma matsala ce. Gilasan Quest 2 matsayi uku kawai gare su, milimita 58, 63 da 68, wanda idanunsa suka kauce wa wannan awo dishi-dishi zai gani, ya kwana da ciwon kai. Sannan ana son fili mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, babu kujera babu yaro. Iyalin da ke kwana a ɗaki ɗaya ina za su samo shi? Balle mutum biliyan 2.6 da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba sa kan intanet a 2024.

Masu kare harkar za su ce farashi zai faɗi kamar yadda na wayar hannu ya faɗi. Zai faɗi, kuma a nan ne abin tsoron yake.

Sashen Meta mai kula da wannan fasaha ya yi asarar sama da dala biliyan 16 a 2023 kaɗai. Kamfani ba ya zubar da irin wannan dukiya don sadaka, akwai inda yake sa ran fanshewa. Tabarau yana auna motsin kai da hannu, wasu har inda ido ya tsaya da tsawon lokacin da ya yi a can. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna cewa motsin daƙiƙa 100 ya isa a gane mutum cikin mutane sama da 55,000, da daidaiton kashi 94 cikin 100. Lambar sirri ana sauya ta, amma yadda mutum ke juya wuyansa ba ya sauyuwa. Mai kuɗi zai biya a rufa masa asiri, talaka kuwa da jikinsa zai biya. Ko wanda ya ce zai nemi na kansa a ciki bai tsira ba, domin a 2022 Meta ta bayyana cewa kasonta zai kai kashi 47.5 cikin 100 na abin da aka sayar a Horizon Worlds, dandalinta na duniyar kwaikwayo.

Ba a musun amfanin fasahar wajen horar da likitan tiyata ko matuƙin jirgi. Amma a can kayan aiki ce a hannun wanda yake da malami da asibiti na gaske. Abin da ke tafe shi ne gwamnatin da ta gaza ɗaukar malamai ta sayo tabarau ta ce ta magance cunkoson aji. Ɗan mai hali yana zaune gaban malami mai rai da zai lura ya yi shiru ya tambaye shi lafiya, ɗan talaka kuma an rufe masa fuska da na'ura an ce ai duk ɗaya ne.

Majalisun dokoki su sanya bayanan motsin jiki da na ido a sahun bayanan lafiya, a haramta sayar da su ga masu talla. Kuma kada a bar ko kwabo ya fita daga kasafin albashin malamai da ma'aikatan jinya zuwa sayen tabarau.