Wadannin Jamus da mutanen ɓoyenmu

Duk wanda ya zauna a Jamus ya san su: 'yan gumakan yumɓu ko roba masu jar hula mai tsini da farin gemu har ƙirji, wani riƙe da shebur, wani da fitila, an girke su a lambun gida cikin furanni. Jamusawa na kiransu Gartenzwerg, wato wadan lambu, Ingilishi kuwa gnome. Ɗan'uwa ya zo daga gida ya gan su, tambayarsa ta farko ita ce ko tsafi ne. Ba tsafi ba ne. Amma kakannin masu lambun sun taɓa jin tsoron waɗannan halittu kamar yadda muke shakkar gindin tsamiya da magariba.

Paracelsus, wani likita ɗan Suwizalan da ya rasu a 1541, shi ya raɗa musu sunan gnome a wani littafi da aka buga a 1566. Ya kasa halittun ɓoye gida huɗu: na ruwa, na iska, na wuta da na ƙasa. Na ƙasan su ne wadannin, masu ratsa dutse yadda mutum ke ratsa iska, masu gadin dukiyar da ke binne. Wannan ba baƙon zance ba ne a kunnen Bahaushe, don mu ma mun taso muna jin cewa tukunyar kuɗin da aka binne tana da masu ita, kuma ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla.

Inda labarin ya fi kama ni shi ne ramin haƙar ma'adinai. A yankin Saksoni na Jamus, mahaƙa kan ci karo da dutse mai kama da na azurfa. In an narka, babu azurfa, sai hayaƙi mai sa ciwo. Suka ce aikin Kobold ne, wani shu'umin wada da ke sace azurfa ya bar musu guba. Haka aka yi ta faɗa har wajen 1735, lokacin da Georg Brandt, ɗan Suwidin, ya nuna cewa wani ƙarfe ne daban a cikin dutsen. Hayaƙin kuwa gubar asenik ce. Ƙarfen ya gaji sunan wadan, shi ne kobalt da ke cikin batirin wayar hannunka yau, wanda akasarinsa daga Kwango ake haƙowa.

Aljanu dai akwai su, sura guda ce a Alƙur'ani, ba wannan nake ja ba. Abin da nake ja shi ne yadda muke zuba aƙida da camfi da cuta da tatsuniya a tukunya ɗaya. Yaro ya sanƙare yana kumfar baki, kafin a ambaci asibiti an ce iska ce. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, da yawansu bayan sun yi ta jijjiga. Gwajin jini da na ƙasa ne ya tona asirin: gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida. Mahaƙan Saksoni sun shafe ƙarnoni kafin su raba Kobold da asenik, mu kuwa kayan gwajin na nan a zamaninmu, ba mu da uzurin jira.

A ɗaya ɓangaren kuma, abin da yake tatsuniya zalla sun riƙe shi ba kunya. A birnin Kolon na Jamus akwai labarin Heinzelmännchen, wadannin da ke yi wa masu sana'a aiki cikin dare, su gasa burodi su gama ɗinki, har ranar da matar tela, don tsabar son gani, ta watsa wake a matakala. Suka zame suka faɗi, suka yi fushi suka bar garin har abada. Tun 1899 aka gina musu maɓuɓɓugar ruwa kusa da babban cocin garin, 'yan makaranta na zuwa kallo. Mu kuma, in ka cire rijiyar Kusugu a Daura, me muka ajiye wa Gizo da Ƙoƙi da Dodo? Wani ma in ka fara "ga ta nan ga ta nanku" sai ya ce ɓata lokaci ne, alhali shi ne zai kwana yana ba ka labarin aljanar da ta tare ɗan acaɓa, kuma ya rantse.

Ba ina cewa mu sayo gumakan lambu ba ne. Ni kaina ban ga kyansu ba, su ma Jamusawan da yawa raina su suke yi, har maƙwabta kan kai juna kotu a kansu. Kuma kada a ɗauka Bature ya rabu da halin ɗora laifi kan na ɓoye. A 1964, da darajar fam ɗin Ingila ta shiga tangal-tangal, 'yan siyasar jam'iyyar Leba suka ce ai aikin "wadannin Zurik" ne, wato masu bankunan Suwizalan da ke zaune kan zinare ba a ganinsu. Fam ɗin bai tsira ba, a 1967 gwamnatin Leba ta Firaminista Harold Wilson da kanta ta karya darajarsa.